Jif mai lantarki zalla ko mai fetur da caji: Wacce ta fi dacewa da mai saye a Arewa?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, hirar masu mota a Najeriya ta sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki a yawancin jihohin Arewa, kuma a Oktoban 2024 ta kai naira 1,030 a gidajen man NNPC da ke Abuja. Masu manyan motoci ƙirar jif su suka fi ji a jika, domin cika tankin da a da bai wuce naira dubu 15 ba ya koma lashe dubu 60 zuwa 70.

Wannan ne ya sa masu halin sayen sabuwar jif, ko tokumbo mai ɗan kyau, suka fara leƙen motocin da ake jonawa a wuta. Da zarar mutum ya shiga wannan kasuwa sai ya tarar da hanya ta rabu biyu. Akwai mota mai lantarki zalla, wadda ba ta da inji ko tankin mai. Akwai kuma ruwa-biyu, wadda kamfanoni ke manna wa tambarin PHEV: ana yi mata caji kamar waya, ana kuma zuba mata fetur.

Dukkansu kuɗinsu miliyoyi ne masu yawa, kuma wanda ya zaɓi wadda ba ta dace da rayuwarsa ba zai daɗe yana cizon yatsa.

Mene ne bambancin?

Motoci masu batir kashi uku ne, kuma dillalai kan cakuɗa su wajen talla.

Kashi na farko shi ne haibirid na gargajiya, irin Toyota Prius da ta fara fita a Japan a 1997. Batirinta ƙarami ne, injin motar da birkinta ne ke cika shi, ba a jona ta a bango. Fetur take sha, sai dai tana tsimin sa.

Kashi na biyu shi ne ruwa-biyu. Batirinta ya ninka na haibirid sau goma ko fiye, kuma tana iya tafiya da lantarki kaɗai har ya ƙare, sannan inji ya karɓa ba tare da direba ya tsaya ba. Mitsubishi Outlander PHEV, da aka fara sayarwa a Janairun 2013, ita ce jif ta farko a wannan sahu. Toyota RAV4 Prime, da ta fito a 2020, tana da batir mai ɗaukar yunit 18.1, irin yunit ɗin da ake saye a mitar gida, kuma yana kai ta kimanin kilomita 68 a ma'aunin Amurka. Idan aka haɗa da tankinta mai lita 55, tana iya cin kusan kilomita 960 kafin ta nemi mai ko wuta.

Kashi na uku shi ne lantarki zalla. BYD Atto 3 tana da batir mai yunit 60 da ɗoriya, da tafiyar kilomita 420 a ma'aunin Turai. Hyundai Kona mai yunit 64 tana wuce kilomita 480 a wannan ma'auni. Tesla Model Y, wadda ta fi kowace mota kasuwa a duniya a 2023, tana da samfurin da ke haura kilomita 500.

A duniya, kowanne ɓangare yana da inda ya yi ƙarfi. Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ce an sayar da motocin da ake yi wa caji fiye da miliyan 17 a 2024, wato sama da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. A Norway, kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka yi wa rajista a shekarar masu lantarki zalla ne. Amma kamfanin BYD na ƙasar Sin, wanda ya daina ƙera motocin fetur zalla tun Maris ɗin 2022, ruwa-biyu ya fi sayarwa a 2024: kusan miliyan 2.5, a kan miliyan 1.76 na lantarki zalla.

Hannun ɗan Sakkwato a cikin labarin

Ɗaya daga cikin motocin da suka fito da ruwa-biyu a idon duniya ita ce Chevrolet Volt ta kamfanin General Motors. Wanda ya jagoranci zana surar samfurinta na gwaji, da aka baje a Detroit a Janairun 2007, shi ne Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato.

A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci a Najeriya. A zamaninsa ne kamfanin Stallion ya fara harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas, a ƙarshen 2020, sannan a Afrilun 2021 hukumar ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kafin ta buɗe wasu a Jami'ar Legas da ta Nsukka.

A Maiduguri, gwamnatin Farfesa Babagana Zulum ta shigo da motocin tasi masu lantarki, waɗanda Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a Disambar 2023. A 2025 kuma BYD ya shigo kasuwar Najeriya a hukumance ta hannun LOXEA, wani reshen kamfanin CFAO, da Atto 3 da Dolphin.

Duk da haka, mafi yawan wuraren cajin jama'a a ƙasar suna Legas da Abuja ne. Wanda ke zaune a Kano, Katsina, Gusau ko Gombe, a gidansa zai riƙa cika motarsa, kuma daga nan lissafi ke farawa.

Lissafin kilomita 100

A ɗauka litar fetur naira 900 ce, yunit ɗin wuta kuma naira 210, wanda shi ne kusan abin da masu layin Band A ke biya bayan ƙarin da hukumar NERC ta yi a Afrilun 2024 da ɗan ragin da ya biyo baya.

Jif mai fetur zalla da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci naira 9,000. Mai lantarki zalla, idan aka haɗa da na'urar sanyaya mota da wutar da ke salwanta wajen caji, tana buƙatar kimanin yunit 20, wato naira 4,200.

Ruwa-biyu irin RAV4 Prime tana cin kusan yunit 22 a kilomita 100 idan tana kan batir, wato kimanin naira 4,600. Idan batirin ya ƙare ta koma inji, tana shan lita 6 da ɗan ɗoriya, kimanin naira 5,600. Wanda ya yi kashi 70 na zirga-zirgarsa da lantarki, sauran da fetur, zai tashi a kusan naira 4,900.

A shekarar da mutum ya yi kilomita 15,000, mai fetur zalla zai kashe naira miliyan 1 da dubu 350, mai ruwa-biyu kimanin dubu 735, mai lantarki zalla kuma dubu 630. Babban rata yana tsakanin motar fetur da sauran biyun ne. Tsakanin ruwa-biyu da lantarki zalla kuwa, ratar ba ta wuce naira dubu 100 da 'yan kai a shekara ba, abin da bai taka kara ya karya ba a kan motar miliyoyi. Saboda haka kuɗin mai kaɗai bai isa ya raba gardamar ba.

Lissafin yana rushewa ne idan janareta ya shigo. Ƙaramin janaretan fetur da ƙyar yake ba da yunit 2 a kowace lita, ke nan yunit 20 zai lashe lita 10 ko fiye. Mai motar lantarki da ke caji da shi ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago: yana ƙona mai daidai da jif ɗin da ya rabu da ita, fiye ma da wanda ruwa-biyu ke sha a kan inji. Babban janaretan dizal ya fi tsimi, yana ba da kimanin yunit 3 a lita, amma shi ma dizal ɗin ba araha ba ne.

Wace irin wuta ke zuwa gidan?

A tsarin NERC, an yi wa Band A alƙawarin awa 20 a rana, Band B awa 16, Band C awa 12, Band D awa 8, Band E awa 4. Masu ƙananan layukan sun fi samun sauƙin farashi, sai dai kowa ya san alƙawari daban, abin da ke isowa soket daban.

Soket ɗin gida na yau da kullum yana ba mota kimanin yunit 2.3 a awa. Cika batirin Atto 3 daga ƙasa har sama ta wannan hanya zai ɗauki fiye da awa 26. Idan aka kafa akwatin caji mai ƙarfin kilowat 7 a bango, zai sauko zuwa awa 9 ko 10. Batirin ruwa-biyu kuwa dare ɗaya ya ishe shi a soket ɗin gida.

Sai dai ba kullum ake cika mota daga ƙasa ba. Ma'aikacin da ke yin kilomita 50 a rana, tsakanin ofis, makarantar yara da kasuwa, yunit 10 kawai yake buƙatar mayarwa, abin da soket zai ba shi cikin awa huɗu da rabi. A nan babban batir yana zama kamar tankin ruwa a gidan da famfo ba ya zuwa kullum: idan an cika shi ranar da wuta ta zauna, zai kai mutum kwana shida ko bakwai. Ƙaramin batirin ruwa-biyu ba shi da wannan ajiya. Duk daren da ba a kawo wuta ba, washegari fetur za ta sha.

Amma akwai ranar da ajiyar kan ƙare. A Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu. A irin wannan mako, mai ruwa-biyu gidan mai kawai zai nufa. Mai lantarki zalla da ba shi da sola sai ya ajiye mota ko ya tada janareta. A lokacin ƙarancin mai kuwa, sa'ad da layi ya yi tsawo 'yan bumburutu ke cin kasuwa, shi ne zai wuce abinsa.

Sola tana sauya lissafin sosai, domin Arewa na cikin yankunan da suka fi hasken rana a Afirka ta Yamma. Farantan da ƙarfinsu ya kai kilowat 1 kan samar da yunit 4 zuwa 5 a wuni. Yunit 10 na zirga-zirgar yau da kullum na buƙatar kimanin farantai biyar masu wat 550, ban da na amfanin gida. Inda gizo ke saƙar shi ne, lokacin da rana ta take, motar tana wurin aiki. Dole ko dai a ƙara batiran ajiya a gida don cajin dare, ko a kafa solar a shago ko ofis inda motar ke wuni. Ƙurar hunturu ma tana rage ƙarfin farantan idan ba a goge su.

Kafin komai, ya kamata ƙwararren mai wayarin ya duba gidan. Mota tana jan wuta mai nauyi na awoyi a jere, kuma siririyar waya ko soket mara kyau na iya narkewa. Yawancin na'urorin caji ma ba sa tashi idan gidan ba shi da wayar kariya da ake binnewa a ƙasa, ko kuma idan wutar ta zo da rauni sosai.

Doguwar tafiya

Lambar kilomitan da ke jikin takardar talla a ɗakin gwaji aka samo ta. Ma'aunin Sin, CLTC, ya fi kowanne zuzutawa, na Turai, WLTP, yana tsakiya, na Amurka, EPA, ya fi kusa da zahiri. Gudu a babbar hanya da na'urar sanyi a kunne kan zaftare kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta. Motar kilomita 420 a takarda, a yi mata lissafin 300 zuwa 330.

Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, za ta kai, amma sai an nemi inda za a yi caji kafin a juyo. Kano zuwa Katsina kimanin 170 ne, zuwa da dawowa a caji ɗaya kasada ce. Kano zuwa Abuja ya haura 400, Kano zuwa Sakkwato ko Maiduguri kuwa ya wuce 500. Babu ɗaya cikin waɗannan ukun da irin wannan mota za ta yi ba tare da ta yada zango ba.

A Turai ko Sin, yada zangon na minti 20 ne zuwa 40 a tashar caji mai sauri. Hyundai Ioniq 5, misali, tana tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 18 idan ta samu tasha mafi ƙarfi. A hanyoyin Arewa babu jerin irin waɗannan tashoshi, kuma akwai hanyoyin da matafiyi ba ya son tsayawa ko na minti biyar saboda matsalar tsaro, balle dare ya riske shi da batir a kashi 5. Ga mai yawan zuwa biki, ta'aziyya ko hawan sallah a garinsu, wannan kaɗai ya isa ya karkata shi ga ruwa-biyu.

Wani abin dubawa shi ne taya. Motocin lantarki da yawa, har da Model Y da Atto 3, ba sa zuwa da safaya, wasunsu sai ɗan famfo da ruwan liƙi. Batirinsu kuma a shimfiɗe yake a ƙarƙashin mota, don haka dutse ko bakin rami na iya yi masa illa mai tsada. Model Y santimita 17 kacal ta ɗaga daga ƙasa, ba ta kai jif ɗin da aka saba shiga ƙauye da su ba.

Tarkon ruwa-biyu

Ruwa-biyu tana da nata tarkon, kuma Turai ta riga ta faɗa cikinsa. A Maris ɗin 2024, Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto kan bayanan da aka tattara daga na'urorin da ke cikin motoci kimanin 600,000 da aka yi wa rajista a 2021. Ta gano cewa hayaƙin da motocin ruwa-biyu ke fitarwa a kan titi ya ninka na takarda sau uku da rabi.

Babban dalilin shi ne masu motocin ba sa yi musu caji yadda aka zata. Wani binciken cibiyar ICCT da cibiyar Fraunhofer ta Jamus a 2022 ya nuna cewa masu motar kansu suna yin kashi 45 zuwa 49 na tafiyarsu da lantarki, yayin da masu motar ofis, waɗanda galibi kamfani ke biya musu kuɗin mai, ba sa wuce kashi 11 zuwa 15.

Darasin ya shafi duk ma'aikata ko kamfanin da ke tunanin saya wa jami'ansa irin waɗannan motoci, da duk maigidan da direba ke riƙe masa mota. Ruwa-biyun da ba a jona ta haibirid ce mai tsada, tana yawo da batir mai nauyin buhunan shinkafa biyu ko uku a banza. Wanda ya san ba zai iya jona mota kowane dare ba, gara ya sayi haibirid na gargajiya ya adana cikon kuɗinsa.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala. Wanda ke caji kullum kuma ba ya fita gari na iya shafe watanni bai taɓa fetur ɗin tankinsa ba, shi kuwa fetur yana lalacewa idan ya daɗe a ajiye. Shi ya sa motoci irin Outlander da Volt kan tada inji da kansu lokaci zuwa lokaci don ƙona tsohon mai.

Wa zai gyara?

Mota mai lantarki zalla ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da salansa. Birkinta ma yana daɗewa, domin na'urar da ke jan motar ita ke rage mata gudu tana mayar da wuta cikin batir. Abin da ta fi ci shi ne taya, saboda nauyinta da saurin fizgarta. Ruwa-biyu kuwa tana ɗauke da kayan ɓangarorin biyu, kuma kowanne yana neman kulawa.

Ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka, wadda ke tambayar dubban masu mota kowace shekara, ta ce a rahotonta na 2023 motocin ruwa-biyu sun fi na fetur yawan matsala da kashi 146 cikin 100, masu lantarki zalla da kashi 79, yayin da haibirid na gargajiya suka fi na fetur ƙarancin matsala da kashi 26. A 2024 ratar ta ragu zuwa kashi 70 da kashi 42. Amma alkaluman na jimla ne, kuma RAV4 Prime na cikin waɗanda suka fita zakka da kyakkyawan sakamako.

A Najeriya, tambayar ta wuce sau nawa mota ke lalacewa, ta kai ga wa zai taɓa ta idan ta lalace. Kanikawan Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Apo a Abuja sun san injin Toyota ciki da bai, kuma injin RAV4 Prime mai lita 2.5 ɗan gida ɗaya ne da na Camry haibirid. Ɓangaren batir kuwa, a motocin biyu, yana ɗauke da wutar da ta kai bolt 350 zuwa 400, a wasu ma 800. Wayoyinsa masu launin ruwan goro ne don gargaɗi, kuma bakaniken da ba a horar ba zai iya rasa ransa a kansu.

Kamfanin Tesla ba shi da cibiyar gyara a hukumance a Najeriya, don haka ko gilashi ko fitila sai an yi oda an jira. Motar da aka saya a hannun wakilin kamfani tana zuwa da garanti, wanda a batir galibi shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Wadda ɗan kasuwa ya shigo da ita da kansa yawanci garantinta ba ya biyo ta.

Zafi, tokumbo da kan caja

Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, ga shi a Sakkwato da Maiduguri ma'auni kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu. Kamfanin Geotab, da ke bibiyar dubban motoci, ya ce a bincikensa na 2024 batir kan rasa kimanin kashi 1.8 na ƙarfinsa a shekara, kuma zafi da yawan caji mai sauri na ƙara saurin tsufansa. A 2012, masu Nissan Leaf a jihar Arizona mai zafi sun koka kan yadda batirinsu ya yi saurin rauni, domin ba shi da ruwan sanyaya shi. Mai saye a Arewa ya tabbatar motar da zai ɗauka da ruwa ake sanyaya batirinta.

Nau'in batirin ma abin tambaya ne. LFP, wanda BYD ke amfani da shi, ya fi jure zafi kuma ana iya cika shi zuwa 100. NMC ya fi ɗaukar wuta a ƙaramin wuri, amma an fi so a tsayar da shi a kashi 80 a amfanin yau da kullum. Kowanne ne, ajiye mota a inuwa yana ƙara masa kwana.

Ga mai sayen tokumbo, lafiyar batir ta fi lambar kilomita muhimmanci, kuma ana iya ganin ta da na'urar da ake jonawa a mota. Batirin ruwa-biyu ya fi shan wahala, saboda ana cika shi a ƙarar da shi kusan kullum. Sannan a yi hattara da motocin gwanjo da ambaliya ta ci. Bayan guguwar Ian a jihar Florida a 2022, motocin lantarki da dama da ruwan gishiri ya shiga sun kama da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye. Araha dai ba ta ado.

Kan caja ma ya bambanta. Motocin Turai CCS2 suke amfani da shi, na Sin GB/T, na Amurka CCS1 ko NACS, wasu na Japan CHAdeMO. Najeriya na karɓar motoci daga dukkan wuraren nan, don haka tashar da ke kusa da mutum ba lallai ta shiga motarsa ba sai da mahaɗi. Cajar tafi-da-gidanka da ke zuwa da wasu motocin Amurka an yi ta ne don wutar bolt 120, alhali ta Najeriya 230 ce. Motar da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Sin kuma kan zo da allon da ke magana da Sinanci.

Haraji da ranar sayarwa

A Oktoban 2024, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire harajin VAT daga motocin lantarki, tare da dizal da iskar gas ta CNG. Kafin a biya kuɗin mota, yana da kyau mai fito ya fayyace a rubuce ajin da kwastam za ta sa ta da abin da za a biya, musamman ruwa-biyu da ke da inji a ciki.

Ga mutane da yawa a Arewa, mota kadara ce da ake sayarwa ranar buƙata. Dillalai sun san farashin Toyota mai inji a ka, kuma ba a rasa mai saye. Motar lantarki ta hannu kuwa masu neman ta kaɗan ne, kuma kowannensu batir zai fara tambaya. Sababbin samfura masu araha da ke fitowa daga Sin kowace shekara su ma suna karya darajar tsofaffi.

A gefe guda, akwai amfanin da ba a cika sa shi a lissafi ba. Wasu motocin suna iya ba gida wuta. Ioniq 5 tana fitar da har kilowat 3.6, Outlander PHEV tana da soket mai wat 1,500, kuma yawancin motocin BYD suna da wannan tsari. Gidan da ke cin yunit 10 a rana a fanka, firji, fitilu da talabijin zai iya shafe kwana uku ko huɗu a kan batirin yunit 60, babu ƙara babu hayaƙi.

Wa ya dace da wacce?

Lantarki zalla ta fi dacewa da wanda ke da gidan kansa da wurin ajiye mota a ciki, yana kan layin da wuta ke zama ko yana da sola mai ƙarfi, zirga-zirgarsa a cikin gari take, kuma akwai wata motar fetur a gidan don tafiyar nesa. Haka ma mai haya a cikin gari da ke cin kilomita 150 ko fiye a rana, domin yawan tafiya ne ke saurin mayar da kuɗin motar.

Ruwa-biyu ta fi dacewa da mai mota ɗaya tilo, wanda ke yin ƙasa da kilomita 60 a ranakun aiki amma yakan ɗauki iyali zuwa Azare, Funtuwa ko Birnin Kebbi a ƙarshen wata, kuma yana da soket da himmar jona ta duk dare.

Ɗan haya da ke ajiye mota a waje, ko wanda unguwarsu kan yi kwanaki taransifoma na lalace, babu ɗaya cikin biyun da za ta biya masa buƙata a yanzu. Haibirid na gargajiya zai rage masa kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mai ba tare da ya nemi soket ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane ajin da mutum yake ita ce ya ɗauki wata guda yana rubuta abu biyu a takarda: kilomita nawa motarsa ta yi kowace rana, da awa nawa wuta ta zauna a gidansa tsakanin ƙarfe 10 na dare da asuba. Da wannan takardar a aljihu ya kamata ya je wurin dillali.